Biri Ya Yi Kama Da Mutum: Me Ya Sa Dodon Amurka Yake Zaɓar Inda Zai Bayyana?



Sama da shekara sittin ke nan Amurkawa suna neman wani dodo a dazukansu, har yau ba su kama shi ba, kuma har yau ba su haƙura ba. Waɗanda suka ce sun gan shi suna siffanta shi da ƙato mai tsawon ƙafa bakwai zuwa tara, gashi ya lulluɓe shi tun daga ka har dugadugi, ba shi da wuyan kirki, hannayensa har gwiwa, yana tafiya a kan ƙafa biyu tamkar ɗan Adam, ga wari kamar mushen da ya kwana uku. A Amurka sunansa Bigfut, wato mai ƙatuwar ƙafa, a Kanada kuma an fi kiran sa Saskwac. Kada mai karatu ya ɗauka zancen aljani ake yi ko fatalwa. Manyan masu nemansa sun dage a kan cewa dabba ce mai jini da tsoka, dangin goggon biri, tana ci tana sha, tana haihuwa tana mutuwa. To tunda su suka kawo wannan mudu, da shi za mu auna musu.

Ni ba hotunan nan masu hazo-hazo da ake ta yawo da su ne suka ja hankalina ba. Taswira ce ta ja shi. Akwai wata ƙungiyar masu farautar labarin dodon da ake kira BFRO, wadda wani mai suna Matt Moneymaker ya kafa a 1995, ta tara rahotanni sama da 5,000 na mutanen da suka ce sun gan shi, ko sun ji kukansa, ko sun ga sawunsa, ta kuma jera su jiha-jiha. Jihar Washinton ce a kan gaba da rahoto kimanin 700 (ba birnin da fadar shugaban ƙasa take ba, wannan jiha ce can a ƙuryar arewa maso yamma). Kalifoniya na biye da sama da 400. Daga nan sai Fulorida da Ohayo, kowacce sama da 300, Ilinoy kuma wajen 300. A 2013 wani ɗalibin ilmin taswira mai suna Joshua Stevens ya ɗebi rahotanni 3,313, daga 1921 zuwa shekarar, ya ɗiga su ɗaya bayan ɗaya a kan taswirar Amurka da Kanada. Gaɓar yamma ta cika maƙil da ɗigo, gabas ma ta cika, tsakiyar ƙasar kuwa, inda filayen ciyawa da hamada suke, fayau sai ɗaiɗai.

Na Washinton da arewacin Kalifoniya bai ba ni mamaki ba. Wajen duwatsu ne da surƙuƙin daji, itatuwan sun yi shekara ɗaruruwa, ruwan sama ba ya yankewa, mutum zai yi tafiyar kwanaki bai ga rufin gida ba. In akwai inda ƙato zai ɓuya, to nan ne. Amma Ohayo fa? Jihar masana'antu ce da gonakin masara, mutanenta sun kusa miliyan 12, sai ga shi ta fi Oregon yawan rahoto, alhali Oregon daji ne ya cinye kusan rabinta. Ilinoy, jihar da birnin Cikago yake, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ce kamar faifai. Ga Alaska kuma, wadda ta fi kowace jiha girma da yawan jejin da ƙafar mutum ba ta taka ba, rahotanninta ba su kai ko kusa da na Ohayo ba. Wace irin dabba ce mai tsananin gudun mutane da za ta bar Alaska ta tare a bayan gonakin Ilinoy? Da walakin, goro a miya.

Masana dabbobi suna da amsarsu, kuma amsa ce mai nauyi: beyar. Mu ba mu da ita a nan, don haka bari in ɗan siffanta ta. Dabba ce jibgegiya mai yawan gashi, irin wadda ta fi yawa a Amurka baƙa ce wuluk, tana tafiya da ƙafa huɗu, amma in tana son hango abu ko shinshina iska sai ta miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, tsayinta ya kai na namiji ko ya ɗara. Tafin ƙafarta ta baya dogo ne mai yatsu biyar, kuma in tana tafiya takan ɗora ƙafar baya a kan sawun ta gaba, sai sawun biyu su haɗu su ba da wani dogon sawu mai kama da na mutum. A 2009 wasu masana uku, Lozier da Aniello da Hickerson, suka zuba wuraren da aka ce an ga dodon a yammacin Amurka cikin kwamfuta, suka ce ta fitar musu da irin muhallin da ya dace da shi. Taswirar da ta fito kusan ita ce taswirar mazaunin baƙar beyar. A 2024 kuma mujallar Journal of Zoology ta buga wani nazari na Floe Foxon wanda ya haɗa Amurka da Kanada gaba ɗaya, ya nuna cewa duk ƙarin beyar 1,000 a jiha yana tafiya da ƙarin kimanin kashi 4 cikin ɗari na rahoton ganin dodo.

Akwai ma ƙananan misalai masu ban dariya. A jihar Niyu Jasi, tsakanin 2014 da 2016, an yi wata beyar da ta samu rauni a ƙafafun gaba, ta koma tafiya a miƙe kamar dattijo zai je kasuwa, mutanen unguwa suka yi ta ɗaukar ta a bidiyo har suka raɗa mata suna. Da a ce da magariba wani ya hango ta daga nesa tsakanin itatuwa, me kake jin zai je ya faɗa a gida? A 2007 wata kyamarar mafarauci a Fensilbeniya ta ɗauki wata halitta siririya mai dogayen gaɓoɓi, masu neman dodo suka yi ta murna sun samu ɗan Bigfut, hukumar kula da namun daji ta jihar ta duba ta ce beyar ce ƙazuwa ta cinye wa gashi. Sannan ga Hawayi: tsibirai ne masu daji kore shar, mutanensu sun haura miliyan ɗaya, babu beyar ko ɗaya, kuma a jerin ƙungiyar nan babu rahoton dodo daga can.

To amma in aka ce beyar ce kaɗai, ban gamsu ba, kuma a nan ne nake ganin masu lissafi sun tsaya a rabin hanya. Alaska tana da baƙar beyar kimanin 100,000, ga rahoto ƙalilan. Ilinoy ba ta da beyar mazauniya, sai dai wadda ta ɓato hanya daga maƙwabta, ga rahoto ɗaruruwa. Abin da Ilinoy take da shi wanda Alaska ba ta da shi, mutane ne. Mutanen Alaska ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma yawancin masu shiga jejinta sun san beyar kamar yadda Bafulatani ya san saniya, ba za ta miƙe tsaye su ce dodo ba ne. Rahoto ba ya rubuta kansa, sai an samu ido, an samu hanyar mota da ta kai idon bakin daji, an kuma samu bakin da zai ba da labari. Shi ya sa rahotannin suka fi yawa a lokacin zafi da kaka, lokacin da mutanen birni suke fita kwanan daji da farauta, su ragu a tsakiyar hunturu da kowa yake ƙunshe a ɗaki. Da yawa daga ciki ma a bakin titi ne, da dare, direba ya haska fitila ya ga wani abu ya gilma cikin daƙiƙa biyu.

Saura abu guda, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ya shafi sana'ata. Mutumin da ya ga baƙin abu ya gilma, kafin ya ce dodo ya gani, tilas sai dodon ya riga ya shiga kansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda bai taɓa jin labarin maciji ba kuwa, tsumma zai gani. Mu da muke ƙaga labari muna sayarwa mun san yadda labari yake tafiya, mun san kuma alamun labarin da aka yi wa kwaskwarima a hanya. In ka bi tarihin wannan dodo daki-daki, alamun nan duk suna jikinsa.

Asalin zancen na mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar ne. Ƙabilu da dama na gaɓar yamma suna da labaran mutanen daji. Wata ƙabila tana da wata ƙatuwar mace mai kwando a baya, tana sace yaran da suka yi nisa da gida, ka ji kamar Dodon tatsuniyarmu da ake tsorata yara da shi. A lardin Biritish Kolombiya na Kanada, wani malamin makaranta Bature mai suna J. W. Burns ya tattara irin waɗannan labarai daga mutanen Cehalis, ya buga a mujallar Maclean's a 1929, kuma daga kalmar harshensu ya ƙero sunan Saskwac. Abin lura shi ne, a labaran da Burns ya buga, ƙattin nan mutane ne. Gashi gare su da girma, amma har magana suke yi da harshen mutane. Babu wanda ya ce birai ne, domin babu biri a dazukan ƙasar balle a kwatanta su da shi.

Birin daga Asiya ya zo, a cikin jarida. A 1951 wani Baturen Ingila mai hawan duwatsu, Eric Shipton, ya ɗauko hoton wani ƙaton sawu a kan ƙanƙara a tsaunukan Himalaya, kusa da Ebares, jaridun duniya suka ɗauka, aka shiga zancen Yeti, dodon ƙanƙara mai kama da goggon biri. Shekarun 1950 gaba ɗaya attajirai da jaridu suna ta tura ayari Nefal neman Yeti. Ana cikin wannan zazzaɓi ne, a 1958, wani direban katafila mai suna Jerry Crew, da ke aikin fasa hanya a dajin Bluff Creek na arewacin Kalifoniya, ya riƙa tarar da manyan sawu kewaye da motarsa. Ya zuba filasta ya ɗebo siffar guda, tsawonta inci 16, jaridar Humboldt Times ta buga hotonsa riƙe da ita a watan Oktoba, da sunan da ma'aikatan wurin suke kiran mai sawun, Bigfut. Cikin 'yan kwanaki labari ya zaga ƙasa. Amurka ta samu nata Yeti, ba sai an je Nefal ba.

Ɗan kwangilar da yake da aikin hanyar sunansa Ray Wallace, mutum ne da aka sani da son zolaya. Da ya mutu a ƙarshen 2002, sai iyalansa suka fito da wasu manyan ƙafafu na katako da aka sassaƙa, suka ce da su tsohon ya riƙa buga sawun don ya tsokani ma'aikatansa. Masu imani da dodo sun ce ƙafafun katakon ba su yi daidai da sawun da Crew ya ɗebo ba, kuma suna nan a kan bakansu. Ko ma dai yaya ne, sunan da duniya ta san dodon da shi an haife shi ne a wurin aikin mutumin da 'ya'yansa suka ce shi ne dodon.

Sai kuma fim ɗin da ya fi kowane shahara, na ranar 20 ga Oktoba, 1967, wanda Roger Patterson da Bob Gimlin suka ɗauka. Bai cika minti ɗaya ba. Wata baƙar halitta mace tana tafiya a bakin rafi, ta waiwayo ta dubi kyamara, ta shige daji. A ina aka ɗauka? A Bluff Creek ɗin nan dai. Wane ne Patterson? Mutum ne da ya riga ya wallafa littafi a kan dodon a 1966, har da zanen macen dodo a ciki, ya yi hayar kyamara, ya tafi wurin da sunan ya samo asali da niyyar yin fim, sai ga macen dodo ta fito masa da rana tsaka. Mai karatu, da ni na rubuta haka a littafi, da masu sharhi sun ce na yi wa jarumina gata da yawa. A 2004 wani mai suna Bob Heironimus ya fito ya ce shi ne a cikin rigar. Patterson ya mutu a 1972 bai janye ba, Gimlin ma ya shafe shekara da shekaru yana cewa abin da ya gani na gaske ne, kuma har yau ana musu a kan fim ɗin. Abin da babu musu a kansa shi ne, daga wannan shekara, siffar da ke cikin fim ɗin ta zama siffar da mutane suke gani a ko'ina.

Yanzu dubi yadda dodon ya yi ƙaura zuwa gabas da kudu. A 1971 mutanen wani ɗan ƙauye mai suna Fouke a jihar Akanso suka ce wani abu mai gashi yana addabar su. Wani mai sana'ar talla, Charles B. Pierce, ya ci bashi ya yi fim a kai da 'yan garin a matsayin 'yan wasa, The Legend of Boggy Creek, ya fito a 1972, ya ciwo miliyoyin daloli da ɗan ƙaramin jari. A shekarar dai Mizuri ta samu nata dodon mai suna Momo. Fulorida ta tashi da zancen biri mai wari na cikin fadamu, Ohayo da nata mutumin ciyawa. Duk wanda ya san kasuwar littafi ya san wannan. Yau wani ya fitar da littafin da ya karɓu, kafin wata uku ka ga goma masu kama da shi a kan tebur, an canja sunan jaruma, an canja gari, an ƙara kishiya. Ba wai marubuta goma ne suka yi mafarki iri ɗaya a dare ɗaya ba.

Kuma kowane yanki ya yi wa dodon ɗinki daidai jikinsa. Na arewa maso yamma natsattse ne, mai kunya, yatsunsa biyar, ya gan ka ya juya. Na Fouke sawun da aka nuna a gonar waken soya yatsu uku gare shi, kuma yana kai hari gidaje. Na Fulorida ya fi gajarta, ya fi wari. Masu imani sukan ce ai jinsi-jinsi ne, kamar yadda shanun Azawak suka bambanta da Bunaji. To amma saniya ko ta ina ce kofatonta biyu ne. Babu biri ko goggon biri a duniya mai yatsun ƙafa uku, dangin nan duk biyar ne. Abin da yake canja adadin yatsu daga jiha zuwa jiha ba jini ba ne, baki ne. Ga kuma wani abin: a Fulorida akwai birai na gaske, 'yan asalin Asiya, da wani mai kwale-kwalen yawon buɗe ido ya saki a Silver Springs a shekarun 1930, suka hayayyafa a daji. Su ƙanana ne, amma hotunansu tar-tar sun cika duniya.

Lissafin shekaru ma haka ya nuna. In aka jera rahotannin shekara-shekara, tudu biyu ake gani. Na farko a shekarun 1970, lokacin finafinai da shirye-shiryen talabijin na dodon. Na biyu, wanda ya fi girma nesa ba kusa ba, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa cikin na 2000, daidai lokacin da intanet ta shiga gidajen Amurkawa, mutum zai zauna a ɗakinsa ya cike fom ya aika ba tare da maƙwabci ya yi masa dariya ba. Shin dodanni ne suka yi ta haihuwa a shekarar da aka ƙirƙiro fom? Daga baya kuma, da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, mafarauta suka ɗaure kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a jikin itatuwa ko'ina a dazukan ƙasar, lokacin da ya kamata a ce hotuna sun yi ambaliya, sai rahotannin ma suka ja baya. Tashar Animal Planet ta yi shirin neman Bigfut daga 2011 zuwa 2018, kashi 100 cur, da Moneymaker a cikin tawagar, da kyamarorin gani cikin duhu da komai, aka rufe shirin ba a samu ko ƙashi ɗaya ba.

Kada a fahimce ni da cewa dubban mutanen nan maƙaryata ne. Yawancinsu ba su ci ko sisi da labarin ba, wasu ma ba'a suka sha. A cikinsu akwai 'yan sanda da malaman makaranta da tsofaffin mafarauta, kuma na yarda sun ga wani abu, na yarda gabansu ya faɗi. Sai dai ido ba kyamara ba ne. Duk wanda ya taɓa tafiyar dare a ƙauye ya san yadda kututture yake zama mutum a tsugune, ka tsaya cik, ka yi gyaran murya, ka yi sallama, kututture bai amsa ba. Abin da ido ya gani rabi, zuciya ce take cikasa shi, kuma da abin da ta tara take cikasawa.

Hujjar da masu imani suka fi ji da ita ita ce ta goggon biri. Suna cewa ai shi ma Turawa sun daɗe suna ɗaukar sa tatsuniyar mutanen Afirka, sai a 1847 aka tabbatar da shi, na kan duwatsu ma sai 1902. Gaskiya ne. Amma me ya tabbatar da shi? A 1847 ƙoƙon kai da ƙasusuwa aka samu a Gabon aka kai wa masana, a 1902 kuma wani hafsan Jamus, von Beringe, harbe biyu ya yi. Da aka nema, an samu gawa. Mu ma a nan gida muna da misalin da ya fi wannan kusa. A duwatsun iyakar Kuros Riba da Kamaru akwai wani jinsin goggon biri da ya fi kowane ƙaranci a duniya, ba su wuce 300 ba, masu tsananin gudun mutane saboda farautar da suka sha, har an taɓa zaton sun ƙare kafin a sake gano su a shekarun 1980. Duk da haka ana samun sheƙar da suke kwana, ana samun kashinsu a auna, kuma a 2020 kyamarorin da aka ɗaure a tsaunukan Mbe suka ɗauko garke guda har da jarirai a goye, hoto garau. Dabba 300 a surƙuƙin dutse, da ɗan kuɗin da ake kashewa a kansu, an gan su. Dodon da aka ce yana jihohi 49 na ƙasar da take cike da kyamara da bindiga da mota, shi ne ba ya barin ko haƙori?

Batun mota ma abin dubawa ne. Duk shekara motoci a Amurka suna karo da manyan dabbobi sama da sau miliyan ɗaya. Damisar Fulorida, wadda manyanta ba su fi 230 ba a duniya, kuma ita ma gwanar ɓuya ce, mota tana kashe fiye da goma a kowace shekara, wani lokaci har wajen talatin. A jihar da aka ba da rahoton biri mai wari sama da 300 ke nan. Shi kuwa kullum yana tsallaka titi a gaban direbobi, amma bai taɓa yin kuskuren lissafi ba.

Gashin da aka kai ɗakin gwaji shi ma bai taimaka ba. A 1976 wani mai neman dodon, Peter Byrne, ya aika wa hukumar FBI wasu silin gashi da 'yar fata, ta auna ta ce na barewa ne. A 2019 aka saki takardun kowa ya gani. Farfesa Bryan Sykes na jami'ar Okusfod ya yi shela duk mai gashin dodo a duniya ya kawo, a 2014 ya fitar da sakamakon gwajin ƙwayar halitta a kan guda 30, suka fito na beyar da doki da saniya da kare da beguwa, har da na mutum. A 2017 Charlotte Lindqvist ta jami'ar Buffalo ta auna abubuwa 9 da aka adana da sunan na Yeti ne, takwas na beyar, ɗaya na kare. Shi ma Yetin da aka aro siffarsa, ga inda ya ƙare. Akwai dai wani ƙaton biri na gaske da ya taɓa rayuwa, wanda masana suke kira Gigantopithecus, kuma masu imani suna son jingina dodonsu da shi. To shi a kudancin Sin ya zauna, ya ƙare sama da shekara 200,000 da suka wuce, amma duk da wannan nisan zamani ya bar haƙora kusan 2,000 da muƙamuƙai huɗu. Wanda ya mutu tun fil azal ya bar shaida, wanda aka ce jiya ya tsallaka titi bai bari ba.

Kada mu yi wa Amurkawa dariya da yawa. A watan Yunin 2019 duniya gaba ɗaya ta ɗauki labarin cewa goggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8 a gidan zu na Kano, jaridun ƙasashen waje suka buga, aka yi ta barkwanci, sai da gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan. Biri bai samu ba, labarinsa ya je Landan ya dawo.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, ai nishaɗi ne. Wani ɓangaren nishaɗi ne, kuma kasuwa ce. Garin Willow Creek na Kalifoniya yana da gidan tarihin dodon da bikinsa na shekara-shekara, a Ohayo ana taron masu nemansa a gandun Salt Fork, otal-otal su cika, a sayar da riguna da huluna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: beyar ce take miƙewa tsaye, mai shago yake ƙirga daloli. A 2021 har wani ɗan majalisar jihar Okalahoma ya kawo ƙudurin a ware lokacin farautar Bigfut a hukumance don a jawo baƙi, ƙudurin bai wuce ba. A 2008 wasu mutum biyu a Jojiya, ɗayansu ɗan sanda, suka ce suna da gawar dodon a cikin firiza, aka tara 'yan jarida, manyan tashoshi suka watsa, da ƙanƙarar ta narke sai ga rigar roba. Ɗan sandan ya rasa aikinsa.

Amma wasan yana da inda yake daina zama wasa, domin abin da ake nema da bindiga siffar mutum gare shi. Tun a 1969 hukumar gundumar Skamania a jihar Washinton ta kafa dokar hana kashe dodon, da tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara biyar. Mutane suka ɗauka raha ce, da yake a farkon Afrilu aka yi ta, lokacin da Turawa suke wasan yaudarar juna. Dalilin da ke cikin dokar kuwa ba na raha ba ne: masu neman dodo ne suka cika dazukan gundumar ɗauke da manyan bindigogi, kowa yana jiran ya ga wani abu dogo mai tafiya da ƙafa biyu, a dajin da 'yan katako da masu yawon shan iska suke kai da kawowa.

A watan Agustan 2012, a jihar Montana, wani magidanci ɗan shekara 44 ya sa irin rigar ɓad-da-kama ta sojoji, mai zare-zare kamar ciyawa, ya fita babban titi kusa da garin Kalispell da dare. Abokansa sun shaida wa 'yan sanda cewa so yake direbobi su gan shi su kai rahoton sun ga Bigfut. Mota ta farko ta buge shi, ta biyu ta bi ta kansa, ya mutu a wurin. Yarinyar da ke tuƙa motar farko shekarunta 15, ta biyun kuma 17.